Me ya sa labaran sauraro masu kama da mafarki ke kama zuciya?

Malam, ka tambaya me ke jan mutane zuwa irin waɗannan shirye-shirye masu maganar rashi da zaman tare. Duba Welcome to Night Vale, wani shirin sauraro da aka fara a Amurka a 2012. Ɗan rediyon wani ƙagaggen gari ne cikin hamada yake ba da labarin gajimare mai haske da ke zubo matattun dabbobi, amma murya a kwance, kamar mai sanarwar ɗaurin aure.

Wallahi haka rashi yake. Ranar da muka binne mahaifina, da na ji mai ƙosai tana tallarta kamar kullum, sai da kaina ya ɗaure. A shirin nan na fara jin wanda ya gane wannan halin. Da daddare nake saurare, fitila a kashe, waya a kan ƙirji.