Tambaya da Amsa: Legas ta hana ni barci

Tambaya: Anti, ina sayar da tumatir a kasuwar Mile 12 ta Legas, gosulo da hayaniya sun sa kullum raina a ɓace, barci ma sai a hankali. Wai motsa jiki na taimakawa?

Amsa: Ƙanena, sosai ma. In ka yi gumi ƙwaƙwalwa na sakin sinadarin endofin mai sanyaya rai, barci ma ya gyaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 a mako, ba sai ka biya kuɗin jim, wato gidan motsa jiki, ba (ina ma kuɗin?), bayan sallar asuba ka zaga unguwa da sauri kafin motocin haya na danfo su cika titi da hayaƙi. Amma in ƙuncin ya wuce sati biyu, komai ya fita ranka, to ka je asibiti ka ga likita.