Amsa ga 'yar uwar da ta ce ta gaji da jinyar mijinta mai baifola

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Tun jiya da daddare na ga tambayarki, inda kika ce shekara uku kenan da likita ya tabbatar maigidanki yana da ciwon baifola, wato ciwon ƙwaƙwalwar nan da yake sa mutum wani lokaci ya hau sama da zumuɗi wani lokaci ya faɗa cikin tsananin damuwa, yanzu kuma ke ce ba kya iya bacci, kai kullum ciwo, kin rame, kina tambaya ko laifi ne idan kika ji kin gaji har wani lokacin kina jin haushinsa. Na ga mutane da yawa sun ce miki ki yi haƙuri, gaskiya suka faɗa, amma haƙurin nan shi kaɗai shi ya kwantar mana da Hajiyarmu, shi yasa na ce bari in zauna in rubuto miki da tsawo.

Ni nawa ba miji ba ne, ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya. A 2013 abin ya fara masa yana jami'a, ya yi kwana biyar bai runtsa ba kuma babu alamar gajiya a jikinsa, surutu ba tsayawa, ya sayar da babur ɗinsa ya rabar da kuɗin a bakin titi, wai Allah ya nuna masa zai buɗe kamfani. Bayan wata biyu kuma sai ya koma ɗaki ya rufe ƙofa, ko wanka sai an yi da gaske. Mun yi kusan shekara biyu muna yawon neman magani, wannan ya ce aljanu wancan ya ce sammu, har akwai inda aka sa masa mari a ƙafa, wallahi har yau idan na ga tabon a idon sawunsa sai zuciyata ta karye. Sai da muka je asibitin ƙwaƙwalwa aka ce mana ciwo ne sananne, yana hawa yana sauka, kuma akwai magani. Addu'a da ruƙiyya ba mu bari ba har gobe, amma tare da maganin asibiti suke tafiya.

To duk tsawon lokacin nan Hajiya ce take ɗauke da komai ita kaɗai. Ta hana a faɗa wa kowa, ko ƙannen babanmu ba su sani ba, saboda tsoron kar a ce gidan masu taɓin hankali ne ƙannena mata su rasa mijin aure. Ita ce gadin ƙofa da daddare, ita ce ba da magani, ita ce shan zagi idan ciwon ya tashi, ta daina zuwa biki ta daina zuwa suna, maganin hawan jininta ma sai ta tuna take sha. Wata safiya a 2018 ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Daga ranar muka koma masu jinyar mutum biyu. Ni na karɓa, kuma ban ɗauki darasi ba, na bi sawunta sak, cikin shekara ɗaya na fara ciwon ciki, bugun zuciya, in zauna haka kawai hawaye na zuba. Wata likita ce ranar da na kai shi ganin likita ta gama da shi ta juyo ta ce min, ke fa, yaushe rabonki da bacci? Na kasa ba ta amsa. A ranar ta sa aka auna min jini, ya hau sosai, ni ma aka buɗe min kati.

Saboda haka amsar tambayarki ita ce a'a, ba laifi kika yi ba. Gajiya da jin haushi duk mai jinyar irin wannan ciwon ya san su, wanda ya ce miki bai taɓa ji ba to bai kwana da shi ba ne. Manzon Allah (SAW) da kansa ya ce wa Abdullahi ɗan Amr jikinka yana da haƙƙi a kanka, idonka yana da haƙƙi a kanka, kuma a kan ibada ma ya faɗa masa haka, balle jinya.

Abin da ya fi komai taimakona shi ne raba kwana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na tara yayyena maza da ƙanin babanmu na faɗa musu komai ba ɓoye-ɓoye, aka yi ta faɗa da ƙorafin me yasa ba a sanar da su ba tun farko, amma daga ƙarshe muka tsara, idan ciwon ya tashi kowa da darensa, ni kuma in tafi gidan yayata in yi bacci a ɗakin da ba zan ji motsinsa ba. Kuɗin magani muka mai da shi kamar adashi, kowa da abin da yake zubawa ƙarshen wata, don yankewar magani saboda rashin kuɗi ta dawo mana da ciwon har sau biyu. Na san naki ya fi nawa wuya ta nan, domin dangin miji ne, kuma kin ce surukarki har yanzu cewa take aljanu ne. Kar ki tsaya musu da ita, ki nemi mutum ɗaya a cikin 'yan uwansa maza wanda yake da fahimta, ki roƙe shi ya raka ku asibiti ya ji daga bakin likita da kunnensa, shi zai iya faɗa wa mahaifiyarsa abin da ke ba za ki iya ba. Ki sanar da naki iyayen ma, dan Allah kar ki ce rufin asiri, rufin asirin da zai kai ki gadon asibiti ba alheri ba ne gare shi ko ga yaranki.

Sannan ki jira lokacin da yake cikin natsuwarsa, ku zauna ku yi yarjejeniya, in da hali a rubuta a gaban ɗan uwan nasa. Idan alamu suka fara wa za a kira, wa zai riƙe katin banki da makullin mota, wane asibiti za a je. Ƙanena da bakinsa ya ce idan ya kwana biyu bai yi bacci ba a karɓe katinsa, kuma idan ranar ta zo yana masifa takardar muke nuna masa da sa hannunsa. Wannan ya sauke min nauyi sosai don ba ni ce muguwar da ta ƙwace masa kaya ba. Alamun nasa na haddace su kamar karatu, bacci ya ragu, waya ba ta sauka daga kunne, sayayya, sabbin tsare-tsaren kasuwanci da tsakar dare. Ina da ɗan littafi da nake rubuta awa nawa ya yi bacci, shi nake kai wa likita, kuma tunda na fara haka na daina zaman ɗar-ɗar kullum, saboda na san abin da nake dubawa. Idan ciwon ya hau kar ki yi gardama da shi, ba za ki ci ba, kuma maganganun da zai faɗa miki masu zafi ki bar su a wurin. Idan kuwa kika ga alamar zai kai hannu, ki kwashi yara ki fita ki kira maza, wannan ba gudun miji ba ne. Lokacin da ya sauka ƙasa kuma ya yi shiru shi ne ya fi ban tsoro, ki kawar da fiya-fiya da duk wani maganin ƙwari, magunguna su zauna a hannunki, idan ya fara maganar gara ya mutu a ranar za a kai shi asibiti ba gobe ba.

Tunda kin ce litiyam yake sha, ki riƙe wannan don zai rage miki tashin hankali. Maganin yana son a riƙa awon jini lokaci-lokaci, a duba yawansa da ƙoda da maƙoƙo. Rashin ruwa a jiki yana sa ya taru ya yi yawa, shi yasa zafin watan Afrilu da azumi suke buƙatar shawarar likita tun kafin su zo, ga kuma canjin bacci na sahur da tahajjud wanda shi kansa yana tayar da ciwon. Kar a saya masa ibufurofen ko dikulofenak a kemis ba tare da likita ya sani ba. In kika ga rawar hannu mai ƙarfi, amai, gudawa, yana tangaɗi, asibiti kai tsaye.

Ke kuma naki. Ki je a auna miki jini da suga cikin satin nan, ciwon kan da kike faɗa kar ki yi ta danne shi da farasitamol. Kar ki sayi maganin bacci a kemis, kuma kar ki taɓa shan nasa don ki samu ki runtsa, na san wadda ta yi haka ta sha wuya. Ranar da za ku koma ganin likita ki buɗe baki ki ce ni ma ina son a duba ni, ba abin kunya ba ne, damuwa mai tsanani tana kama masu jinya kuma tana da magani, ni na sha na wasu watanni na samu sauƙi. Ki ware yini ɗaya a sati da za ki fita, Islamiyya ce ko gidanku ko wajen ƙawar da za ki yi kuka a gabanta ba ta kai ki gaba ba. Sana'arki ma kar ki saki, ko ƙarama ce, ni ɗinki nake yi kuma awa biyun nan da nake kan keke su ne nake jin ni mutum ce ba mai gadi ba. Yara kuma ki faɗa musu daidai hankalinsu, Baba ba shi da lafiya ne, ba laifinku ba ne. Na san tsoron gado yana ranki, gaskiya ne ciwon yana bin jini, amma mafi yawan 'ya'yan masu shi ba sa kamuwa.

Ban san garin da kike ba, amma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, a Kano akwai Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano. Ki tambayi ma'aikatan walwala na asibitin da kuke zuwa, su ne suke zama da iyali. Kuma ki sani tun Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, mai wannan ciwon yana da haƙƙinsa, idan wani a dangi ya kawo shawarar a kai shi inda ake ɗaure mutane ki tsaya tsayin daka ki ƙi, kin dai tuna mutanen da aka gano ɗaure da mari a wani gida a Rigasa ta Kaduna a 2019.

Ƙanena yanzu ya yi aure yana da shago da 'ya ɗaya, rabon da a kwantar da shi shekara huɗu kenan, matarsa tun kafin a ɗaura muka faɗa mata komai, kuma daren Laraba har yau nawa ne idan ta buƙata. Hajiya tana nan tana takawa da sanda. Allah ya ba maigidanki lafiya ya ba ki ladan jinya. Idan kin yi awon jinin ki dawo nan ki faɗa min nawa ya nuna, kuma ki faɗa min wa kika samu a cikin 'yan uwansa.