Kaskar ƙudan zuma: in sa piya-piya a amya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da amya 14 irin ta katako. Tun ƙarshen damina nake ganin ƙudaje suna rarrafe a bakin amya, fikafikansu a tanƙware, ga wani ɗan abu ja manne a jikin wasu. Amya biyu sun watse. Wani mai magani a kasuwa ya ce in ɗiga piya-piya a tsumma in cusa ciki. Hankalina ya tashi, kada in rasa sauran.

Amsa: Wa alaikumus salam. Wannan kaskar zuma ce da ake kira barowa, ita ke yaɗa cutar da ke nannaɗe fikafikai. Amma kada ka ɗora mata laifin watsewar tukuna. Yunwa, tururuwa da tsutsar da ke cin saƙa sun fi ta korar ƙudanmu. Fara gwada yawan kaskar.

Kakkaɓe ƙudaje daga saƙar da ke da 'ya'ya, ka tabbatar sarauniya ba ta ciki. Ɗebi rabin kofi, kimanin ƙuda 300 ke nan, ka zuba a kwalba mai murfin raga. Ƙara cokali biyu na sukarin da aka niƙa ya zama gari, ka jujjuya, ka ajiye a inuwa minti biyu, sannan ka kife kwalbar ka girgiza minti ɗaya bisa farin faranti. Yayyafa ruwa, sukarin zai narke, kaska ta fito. Mayar da ƙudajen, ba sa mutuwa. In ka ƙirga fiye da tara, wato uku cikin ɗari, akwai aiki. Ranar da iska ke da laima sukarin yana dunƙulewa, lissafi ya yi ƙarya.

Yanzu maganar piya-piya, wadda na gaji da ji. Haba! Maganin kashe ƙwari ne, to ƙudan zuma mene ne? Kafin kaskar ta ji a jikinta, ƙudajen sun zube. Kaki kuma yana shan guba, zumar ta gurɓata, ita ce za ka kai kasuwa a saya wa mai jego da mara lafiya. Mai maganin ya karɓi kuɗinsa ya wuce wata kasuwar. Haka masu jiƙa katako da maganin kaskar shanu su sa a amya, wai ai amitaraz ne, irin na Turawa. Sinadarin ɗaya ne, gaskiya, amma na zuma a jikin ɗan fallen roba yake, yana fita kaɗan-kaɗan cikin makonni. Na shanu haɗe yake da wasu ruwayen da ke cutar da ƙuda, ba ka kuma san adadin da ka zuba ba. Ya yi yawa, amya ta mutu. Ya yi kaɗan, kaska ta saba da shi.

Ƙudan Afirka ya fi na Turai jure wa barowa, shi ya sa amya da yawa ba sa buƙatar magani sam. In lissafi ya haura, fara da yanke saƙar 'ya'yan maza da aka rufe, ka ƙone. Nan kaskar ta fi hayayyafa, don namiji yana kwana 24 kafin ya fito, ma'aikaciya 21. In lissafin bai sauka ba, sai fallen amitaraz na zuma, irin su Apivar, bayan ka cire zuma: biyu a akwatin 'ya'ya, mako shida zuwa takwas, ka cire, ka sake gwaji. Magungunan kaska masu tururi irin taimol kuwa, in zafi ya wuce digiri 30 kada ka sa, da bazara korar ƙudan za su yi.