Ciyawar da ta yi sanƙo: dakata da watsa irin nan tukuna

Wa alaikumus salam, Malam. Na ga tambayarka. Ka ce ciyawar gaban gidanka a Zariya ta yi sanƙo, ƙasa ta fara leƙowa nan da can, ka kuma sayo irin ciyawar bamuda na gwangwani kana so ka watsa a kai yanzu cikin Disamba. In ka ji tawa, mayar da gwangwanin ɗaki, ka ajiye shi inda ba laima, sai ruwa ya zauna.

Abin da kake shirin yi shi na yi a gidana na Kano shekarun baya. Cikin hunturu na watsa iri a kan busasshiyar ciyawa, na yi ta ɗirka mata ruwa da tiyo. Kwana uku bayan nan na fito da sassafe, sai ga tururuwa sun ja layi daga tsakiyar fili har gindin katanga, kowace da ƙwayar irina a baki. Abin da suka bari kuma bai taɓa ƙasa ba, yana rataye a kan tsohuwar ciyawa har ya bushe. Kuɗin banza, ruwan banza.

Bamudan nan da ake kawo mana a gwangwani ba baƙuwa ba ce, kiri-kiri ce da muka sani a bakin fadama, wadda manomi ke tsinewa don ba ta mutuwa. Masu sayar da fulawa kan ce mata Bahama. Ciyawar zafi ce. Irinta ba ya tsira da kyau sai ɗumin ƙasa ya haura digiri 18 a ma'aunin Celsius, ya fi kuma jin daɗi in ya kai 25 zuwa 30. Daren hunturu a Zariya kuwa ka fi ni sanin yadda yake, ga iska mai shanye danshi kafin hantsi. Ko tsohuwar ciyawar ma barci take yi yanzu, shi ya sa ka ga ta yi ruwan ƙasa. Wata ƙila rabin abin da kake kira sanƙo zai rufe da kansa da ruwan farko.

Kafin lokacin, zauna ka gano abin da ya cinye ta, don in ba ka gano ba, sabon irin ma hanyar zai bi. Tsaya ka ƙirga awa nawa rana ke dukan wurin. Kiri-kiri tana son aƙalla awa 6 na rana tsantsa. In akwai darbejiya ko mangwaro da ya yi rassa ya rufe wurin, ba irin da zai yi maka magani. Sannan ka ɗauki guntun rodi ka soka a inda ya yi sanƙo bayan ka jiƙa shi. In ya ƙi shiga ko tsawon yatsa, ƙasar ta dandaƙe, galibi inda yara ke buga ƙwallo ko inda ake ajiye mota. Ka kuma ɗaga busasshiyar ciyawar ka duba ko gara ta yi gini a ƙarƙashi. A wurina duka ukun na tarar.

Lokacin shuka shi ne idan damina ta kankama, a wajenku wajen watan Yuni, mu nan Kano mukan ɗan jinkirta zuwa ƙarshensa ko farkon Yuli. Kada ka bari sai Agusta. Irin nan ƙanana ne ƙwarai, bai kai ƙwayar riɗi ba, mamakon ruwa guda zai kwashe shi ya tara maka a bakin kwata.

Ranar aikin, a yanke tsohuwar ciyawar ƙasa-ƙasa, a sa manjagara a kakkaɓe duk matacciyar har ka ga ƙasa da idonka. Nan ne aikin yake, kuma nan ne yaran da ake ɗauka aiki ke yin ha'inci, don haka ka tsaya a kai. Inda ta dandaƙe a huhhuda da rodi ko a ɗan sassara da fartanya. Giram 5 zuwa 10 ya isa kowace murabba'in mita, wato fili mai mita 10 tsawo, 10 faɗi ba zai ci fiye da kilo ɗaya ba. Ni nakan cakuɗa irin da busasshen rairayi a cikin baro, in raba biyu, in watsa rabi ina tafiya gabas da yamma, rabi kudu da arewa. Sai a barbaɗa baƙar ƙasa sama-sama, kada kaurinta ya wuce rabin santimita, a bi a tattake da ƙafa. Iri ya manne da ƙasa, tururuwa ba su samu yadda suke so ba.

In ba a yi ruwa ba, yayyafi za ka riƙa yi sau biyu ko uku a rana, ba ambaliya ba. Duba jikin gwangwanin: in irin da aka cire wa ɓawo ne, cikin mako ɗaya zuwa biyu za ka ga kore kamar gashin jariri. Mai ɓawo ya fi haka jinkiri, kada ka yi saurin cewa an cuce ka. A tsare kaji, a hana yara bi ta wurin har wata guda. Taki kuma, ɗan NPK 15-15-15 kaɗan ya wadatar, yuriya sai bayan ka yi yankan farko. Ɗanyen kashin shanu shi ya kawo mini ƙarangiya da aya-aya, har yau ina tuge su da hannu. Kada kuma wani ya sa ka fesa maganin hana ciyawa tsira irin na gonar masara, ba ya bambance irinka da na daji.

Wani abin da masu sayar da iri ba za su gaya maka ba: in sanƙon bai fi faɗin tabarma ba, dashe ya fi. Ka yanko jijiyoyin da suka yaɗo a gefen da ke da lafiya, ka binne su tazarar taƙi ɗaya, ka bar kan ganye a waje. Launin zai zo ɗaya da na sauran filin, ba ka kashe sisi ba. Ka ma tabbatar wace ciyawa ce a gidan naka. In mai faɗin ganye ce, wadda ake ce wa kafet, to zuba mata bamuda zai ba ka fili kala biyu, sirara da masu faɗi, kamar riga mai faci.

Ni gindin darbejiyata sau biyu ina shukawa tana mutuwa. A karo na uku na zuba tsakuwa, na ajiye benci, nan nake shan shayi da yamma ina kallon sauran filin.