Amsa: Cin zarafi da lafiyar haihuwar matan asalin ƙasa

'Yar'uwa, kin tambayi me ya haɗa dukan mace ko fyaɗe da lafiyar haihuwa, musamman ga matan ƙabilun asali na nahiyar Amurka. Haɗin kai tsaye ne. Mace mai ciki da ake duka tana iya yin ɓari, ko haihuwar bakwaini, ko jariri mara nauyi. Fyaɗe kuwa yana zuwa da cikin da ba a so, da cututtukan sanyi har da ƙanjamau.

Abin da ya fi damuna shi ne, ga waɗannan mata, wani lokacin asibitin ne ma wurin cutarwar. A Peru, zamanin mulkin Alberto Fujimori, tsakanin 1996 da 2000, an ɗaure mahaifar mata fiye da 270,000, da yawansu matan karkara masu magana da harshen Kecuwa, kuma dubbai sun ce ba da yardarsu ba. A Girinlan, tsibirin da ke ƙarƙashin ƙasar Denmark, likitocin Denmark sun saka wa dubban mata da 'yan matan Inuwit, ƙabilar asali ta tsibirin, robar hana ɗaukar ciki a mahaifa tun daga shekarun 1960, wasu suna da shekara 12 kacal, da yawansu ba tare da saninsu ko yardarsu ba.

To ki yi tunani: matar da aka yi wa mahaifiyarta haka, yaya za ta je awon ciki da kwanciyar hankali? Sai ta ɓoye ciwonta, ta haihu a gida, ko da jini ya ɓalle. Ga nisan asibiti, ga ma'aikatan da ba sa jin harshenta, ga 'yan sandan da sau da yawa ba sa sauraren ƙararta.