Muryar WhatsApp: Yadda ake gano inda lokaci ke ɓacewa a VM na wayar Android

Assalamu alaikum jama'a. Ɗan'uwa, na saurari tambayarka. Ka ce ka tayar da Microdroid, ƙaramin Android da ke gudana a cikin VM (wato kwamfutar kwaikwayo), a waya, aikin da ke gamawa da wuri a kan Android kai tsaye sai ya riƙa jan ƙafa a cikin VM, ka ɗauki sawu (trace) da Perfetto, manhajar da ke nada abin da tsarin ke yi lokaci bayan lokaci, amma ba ka ga komai ba sai zare (thread) ɗaya dogo yana ta gudu. To bari in bi maka shi daki-daki, a yi haƙuri muryar za ta ɗan yi tsawo.

Da farko ka san cewa hawa uku kake aunawa, ba ɗaya ba. Tun Android 13 a 2022 da aka kawo AVF, wato tsarin Android na gudanar da VM, tsarin shi ne: haifabaiza mai raba na'ura tsakanin Android da VM, wato pKVM, yana zaune a matakin iko na EL2 na furosesan ARM, sama da EL1. Kanel ɗin Android, mai masauki ke nan, yana EL1. Baƙo, wato VM ɗinka, shi ma kanel ɗinsa yana EL1 amma a nasa ɗakin. Sannan akwai crosvm, manhajar da ke riƙe da baƙon daga ɓangaren mai masauki. Kowane vCPU, wato CPU na kwaikwayo da aka ba baƙo, a idon Android zare ne kawai, za ka gan su da suna crosvm_vcpu0, crosvm_vcpu1 da sauransu. Wannan zaren da ka gani ke nan. Duk abin da baƙo ke yi a ciki, ko aiki ne ko jiran makulli yake yana juyi, Android dai zai ce maka yana gudu. In wayarka ta Qualcomm ce mai Gunyah, ko ta MediaTek mai GenieZone, sunayen da zan ambata za su bambanta, amma dabarar ɗaya ce.

Kafin ka danna komai, wayar ta zama userdebug, wato zubin Android na masu gwaji, ka yi adb root, in ba haka ba SELinux, mai tsaron izini a Android, zai hana ka yawancin abubuwan kvm, kuma sawun zai fito lafiya lau sai dai babu su a ciki. Ka bar wayar ta huce, ka kuma tayar da VM ɗin da --debug full don ka samu adb zuwa cikinsa.

A tsarin Perfetto, ɓangaren linux.ftrace, ka kunna sched_switch, sched_waking, cpu_frequency, cpu_idle, sai na kvm: kvm_entry, kvm_exit, kvm_guest_fault, kvm_mmio da kvm_userspace_exit. Daƙiƙa 5 zuwa 10 sun isa. Kar ka ɗauki minti biyu, za ka nutse ne a banza.

Yanzu ga inda mutane ke kuskure: suna buɗe sawu su tafi kai tsaye kan haifabaiza. A'a, ka fara da mai rabon lokacin CPU, wato scheduler. Ka buɗe teburin thread_state ka tara lokacin kowane zaren vCPU gida uku: yana gudu, yana jiran layi, ko yana barci. In jiran layi ya yi yawa, ba laifin pKVM ba ne, Android ne bai ba shi CPU ba, sai ka duba rukunin cpuset, mai ƙayyade CPU ɗin da aka yarda a yi amfani da su, da aka jefa crosvm a ciki. Daga cikin baƙo ma za ka iya tabbatarwa, lamba ta 8 a layin cpu na /proc/stat ita ce lokacin da aka ƙwace masa.

In yana gudu, to a kan wace ƙwayar CPU (core), kuma da wane gudu? Nan ne waya ta bambanta da sabar. Wayoyi suna da manyan ƙwayoyi da ƙanana, kuma schedutil, mai saita gudun CPU, yana ɗaga gudu ne gwargwadon nauyin da ya gani a kan zare. Matsalar ita ce, in kanel ɗin baƙo ya ɗauke aiki mai nauyi daga vCPU 0 ya mayar vCPU 2, Android bai san an yi ba. Shi dai ya ga wani zare da ke barci ya farka, sai ya ajiye shi a ƙaramar ƙwaya da ƙaramin gudu, ya fara ƙirga nauyinsa daga tushe. Kafin ya gane, milisakan da yawa sun tafi. A sawu za ka gan shi ƙarara: layin cpu_frequency yana hawa a hankali kamar tsani duk lokacin da aiki ya sauya vCPU. A ganina wannan ne ya kamata a fara zargi a waya. Gwajinsa mai sauƙi ne: ka ɗaure zaren vCPU a babbar ƙwaya da taskset, ka sake auna. In ratar ta rufe, ka gama, sai ka nemi maganin dindindin ta uclamp, mai sa wa nauyin zare iyaka ta ƙasa, ko ka ba baƙo tsarin CPU irin na mai masauki, wato match_host.

In bai rufe ba, sai ka zo kan fitowa, wato duk lokacin da aka fita daga baƙo zuwa mai masauki. Tsakanin kvm_entry da kvm_exit baƙo ke aiki, tsakanin kvm_exit da kvm_entry na gaba mai masauki ke yi masa hidima. Ka ƙirga su bisa dalili, kuma ka auna tsawon kowanne, don yawa kaɗai ba ya nuna tsada. Dalilin yana cikin lambar EC da ke jikin kowane kvm_exit. 0x01 shi ne WFx, baƙo ba shi da aiki ya nemi barci. 0x16 kiran HVC ne, wato baƙo ya kira haifabaiza. 0x18 taɓa rajistar tsarin. 0x24, wato DABT_LOW, shi ne babban, kuma iri biyu ne.

Iri na farko, baƙo ya taɓa shafin memori karon farko, dole a samo masa shafin a rubuta shi a teburin mataki na biyu, wanda ke haɗa memorin baƙo da ainihin memorin waya. A VM mai kariya (protected VM) kuwa har sai an cire shafin daga hannun mai masauki gaba ɗaya. Yi lissafi: gigabait 1 da shafin kilobait 4 shafi 262,144 ne, kowanne fitowa guda. Shi ya sa gwajin farko bayan tashi kullum ya fi muni. Ka sake gwajin ba tare da kashe VM ba, in DABT_LOW ya faɗi, to dumama ce kawai. Iri na biyu MMIO ne, baƙo yana magana da na'urar da crosvm ke kwaikwaya. In ka ga kvm_userspace_exit na biye da shi, an fita har zuwa crosvm an dawo, wannan ita ce tafiya mafi tsada. Kashe rubutun konsol mai yawa, shi kaɗai yana iya cika sawu da irin wannan. Kuma ka tuna VM mai kariya ba ya barin mai masauki ya leƙa memorinsa, don haka bayanan virtio, hanyar da baƙo ke magana da na'urorin crosvm, sai an kwafe su ta swiotlb, wani yankin memori da suke tarayya a kai. Wannan kwafin a cikin baƙo yake faruwa, ba za ka gan shi a matsayin fitowa ba.

Game da WFx, ka duba halt_poll_ns a /sys/module/kvm/parameters. A arm64 asalinsa 500000 ne, rabin milisakan. Kafin vCPU ya yi barcin gaske yana iya tsayawa yana leƙe ko za a tashe shi, sawu ya nuna yana gudu alhali ba abin da yake yi sai cin batir.

Abin da kvm_exit ba ya nunawa shi ne abin da pKVM ya warware da kansa a EL2 bai koma wa Android ba. Don wannan, kanel ɗin Android na baya-bayan nan suna da ma'ajin sawu na daban a ƙarƙashin /sys/kernel/tracing, sunansa hyp ko hypervisor gwargwadon zubin. A can akwai hyp_enter, hyp_exit, host_hcall, host_smc da host_mem_abort. Na ƙarshen nan ka kula da shi, domin shi kansa Android a ƙarƙashin teburin mataki na biyu yake.

Sai sawun cikin baƙo, kuma a nan agogo ne ke ba da wahala. Kowane kanel yana ƙirga lokaci daga tashinsa, don haka in ka ɗora sawu biyu haka kawai ba za su haɗu ba. Ko ka yi amfani da traced_relay na Perfetto ta vsock, layin sadarwa tsakanin baƙo da mai masauki, ya haɗa su a sawu ɗaya, ko ka aika saƙo ta vsock, kowane ɓangare ya rubuta alama a trace_marker, ka cire bambancin da hannu. Ka yi alamar a farko da ƙarshe. Kuma ka san ƙurewar ma'aunin: agogon megahaz 19.2 da ke wayoyi da yawa, bugunsa ɗaya kusan nanosakan 52 ne, abin da ya gaza haka ba ka auna shi ba. In kana son simpleperf, manhajar auna inda CPU ke kashe lokaci, a VM mai kariya, ba a ba shi ƙididdigar PMU ta cikin furosesa, sai ka yi da cpu-clock.

Na ƙarshe, kafin ka yarda da kowace lamba, duba overrun a per_cpu/cpu0/stats da na sauran ƙwayoyin, ko shafin stats na Perfetto. In ba sifili ba ne, an zubar da wasu bayanai, za ka ga kvm_entry babu kvm_exit ɗinsa, lissafi ya ba ka wani dogon lokaci na ƙarya. Ƙara buffer_size_kb, rage drain_period_ms, ko ka kashe wasu abubuwan. Sannan ka gudanar da aikin sau ɗaya babu sawu ko kaɗan don ka san nawa sawun kansa ya ƙara. Ka turo mana jimillar thread_state da ƙirgen EC ɗin a nan, mu duba tare.