Fatalwa ce ta tona mai kisa a littafina, me ya sa aka ce na yi ha'inci?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina yawan karanta littattafan Turawan nan da ake kashe wani a ɗan ƙaramin gari, sai wata mai shagon shayi da ta gaji tsafi wajen kakarta ta shiga bincike. Na rubuta nawa da Hausa, babi 24, labarin yana faruwa a wani ƙauyen Amurka, ina sakinsa a WhatsApp. A babin ƙarshe fatalwar mamacin ta bayyana a madubi ta faɗi sunan wanda ya kashe shi. Tun ranar ake yi mini ƙorafi wai na cuce su, wasu har sun fice daga zauren. To ba labarin tsafi ba ne? Kuma littafina na biyu ina son in dawo da shi ƙasar Hausa, mai kisan ta zama wata tsohuwa mayya. Hankalina ya tashi, ko in haƙura da rubutu ne?

Amsa: Malama, kada ki haƙura, amma masu karatunki suna da gaskiya. Sun bi ki babi 23 suna lissafin wa ya shiga shago ƙarfe nawa, wa ya yi ƙarya kan inda ya kwana, sai kika nuna musu cewa duk wahalar banza suka sha, tunda da an leƙa madubi tun babi na biyu da an huta.

Wannan kuskure kullum sai na ci karo da shi a rubutun masu tasowa: wai tunda akwai tsafi a labari, tsafin zai iya warware kisan. Ba zai iya ba. Labarin bincike caca ce tsakanin marubuci da mai karatu, sharaɗinta kuwa duk abin da jarumar ta gani shi ma ya gani. Tun 1929 Ronald Knox, wani limamin Katolika ɗan Ingila mai rubuta irin waɗannan labarai, ya jera ƙa'idoji goma, ta biyunsu ta kori duk wani abu na gaibu daga warware laifi. Kafin shi da shekara ɗaya S. S. Van Dine a Amurka ya fitar da nasa ashirin, shi ma ya hana kiran ruhohi da duba. Masu rubuta labaran matsafa na yanzu ba su jefar da ƙa'idar ba, gurbinta suka sauya: tsafi ya kawo tambaya, hankali ya kawo amsa.

Ga yadda ake yi. Kafin a ci kashi ɗaya bisa huɗu na littafin, mai karatu ya san abu uku game da baiwar jarumarki: me take iya yi, me ba ta iya yi, me take biya duk lokacin da ta taɓa ta. A ce tana jin maganar matattu, amma kwana uku kacal bayan rasuwa, kuma kowane zama sai ciwon kai ya kwantar da ita wuni guda. Da kin kafa wannan, ba ki da ikon ƙara mata sabuwar baiwa a babi na 20 don kin maƙale. Ita kuma fatalwa ki ɗauke ta kamar kowane mai ba da shaida: tana mantuwa, tana son kai, tana iya rufa wa ɗanta asiri. Wanda aka sa wa guba a shayi ina ya ga hannun da ya zuba? Iyakar abin da zai ce, kofin ba nasa na kullum ba ne, mai tsagaggen baki aka ba shi, kuma ya ji ƙamshin kirfa. Yanzu jarumar tana da aiki, domin mutum uku cikin waɗanda ake zargi suna ta'ammali da kirfa: mai gasa burodi, mai haɗa sabulu, da ƙanwar mamacin. Kofin mai tsagaggen baki kuwa kin riga kin nuna shi a kan kantar ɗayansu a babi na 4, ana tsaka da hirar wata kyanwa, ba wanda ya kula.

Sauran gini ba wuya. Gawa ta bayyana kafin babi na uku ya ƙare, ba jini malale, ba batsa. Waɗanda ake zargi huɗu zuwa shida, kowa da dalili, da dama, da abin da yake ɓoyewa wanda bai shafi kisan ba. Jarumar ta sami hujjar tsoma baki, galibi don ita ko gwaggonta 'yan sanda suka sa wa ido. Gwajin da zan ba ki: ki cire duk shafin da tsafi ya fito, ki miƙa wa wata ƙawarki ragowar. In ta iya nuna mai kisan da hujjoji uku na zahiri, littafi ya tsaya da ƙafarsa. In ba ta iya ba, ki koma ki dasa su.

Sai maganar tsohuwa mayya, nan ne zan ɗan ɗaga murya. Da farko kalmar ma ba ta hau ba. Matsafiyar waɗancan littattafai mace ce mai tukunyar ganye da kyanwa da ɗan siddabarun gado, maƙwabta na sayen kek a wajenta. Mayya a kunnen Bahaushe mai kama kurwar yaro ce ta cinye. Wanda ya ce miki abu ɗaya ne bai san ko ɗaya ba.

Na biyu ya fi nauyi. Garin Salem na jihar Masacuset, wanda marubutan Amurka ke yawan jingina zuriyar jarumansu da shi, a 1692 an zargi mutum fiye da 200 da maita a can da kewayensa, aka rataye 19, aka danne wani dattijo, Giles Corey, da duwatsu har ya mutu. Da wace hujja? Yarinya ta tashi a kotu ta ce kurwar wance ta zo da dare tana mintsininta, alƙalai su karɓa. Sai a watan Oktoba Gwamna William Phips ya rushe kotun. Su yanzu abin ya zama tarihi, har kantunan tsaraba ake buɗewa da shi, shi ya sa suke iya wasa da shi a littafin hira. Mu kuwa ba tarihi ba ne. Har gobe yaro zai yi zazzaɓi ya sambatu da sunan wata gwauruwa, a kira wani ɗan damfara ya buga ƙasa ya ce ai ita ce, a jawo ta a ce sai ta tsallake shi, wani lokaci ba ta komawa gida da ranta. Yaron nan cizon sauro ne ya hau masa ka, asibiti yake buƙata, amma an biya boka kuɗin tunkiya an bar gwajin jini. Sai ke kuma ki zo da littafin da mafarki ya nuna tsohuwa, ƙarshe ya tabbata ita ce? Kin sa wa hujjar bokan hannu kenan, ga mata ɗaruruwa suna karantawa a waya.

In kina son ƙasar Hausa, juya shi. Tsohuwar ta zama wadda gari ya fara nunawa da yatsa a babi na 3, jikarta mai sayar da fura ita ce mai bincike, kwana bakwai gare ta kafin taron addu'ar bakwai, lokacin da 'yan'uwan mamacin za su hallara da fushinsu. Gaibun ki bar shi ɗan kaɗan, mafarki ɗaya ko biyu masu fuska biyu. Abin da zai kama mai kisan ya kasance takardar gonar da aka sauya wa sa hannu, da ɗan acaɓan da ya tuna wanda ya sauke a bayan gidan mamacin bayan sallar isha'i. Bokan da ya buga ƙasa kuwa ki sa shi cikin waɗanda ake zargi, ki kuma nuna a babi na 6 wanda ya kai masa buhun gero kwana biyu kafin a yi rasuwar.